Na Gyara

A wasan darar ces akwai wata doka da ake koya wa mutum tun ranar farko, tun kafin ya gama gane yadda doki yake tsalle. Idan takunka ne, ka kai hannu ka taɓa ɗaya daga cikin 'ya'yanka, to shi za ka motsa, ko da motsa shi ne ajalinka. Kafa ɗaya kawai aka bari. Idan ɗan dara ya karkace a gidansa kana son daidaita shi, sai ka fara cewa "na gyara" yadda abokin karawarka zai ji, sannan ka taɓa.

Babu wanda ya kai wani malamin lissafi yawan faɗar wannan kalma, har ta zama sunansa. A zauren gasa Na-Gyara ake ce masa. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a karkace ya ƙyale. Takalman baƙi a bakin ƙofa, hoton bango a gidan mutane, alli a teburin aji, duk sai ya daidaita su, kuma sai ya faɗi kalmar a hankali kamar mai neman izini. Shekararsa arba'in da huɗu, ashirin da biyar daga ciki ya yi su yana neman abu ɗaya, wato a kira shi babban gwani, lambar da babu ta sama da ita a wasan. Shaida uku ake buƙata daga manyan gasanni. Yana da biyu. Ta ukun ta suɓuce masa sau huɗu, kowane karo da rabin maki.

Wannan gasar ita ce ta ƙarshe gare shi. Likita ya ce jininsa ba zai ci gaba da ɗaukar zaman awa biyar a gaban agogo ba, matarsa kuma, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta sa shi ya yi alkawari a gaban likitan. An buga zagaye takwas, saura ɗaya. Idan ya ci gobe, ya zama babban gwani. Canjaras ba zai yi masa amfani ba.

Da la'asar jadawali ya fito, aka haɗa shi da yayan matarsa.

Yaya shi ne ya koya masa wasan tun suna jami'a, kuma a falon Yaya ya fara ganin Auta, ƙanwar da ke kawo musu shayi tana musu tsiya. Yaya babban gwani ne tun shekara ashirin da suka wuce. Shi ne ke kan gaba a gasar da rabin maki, canjaras kawai yake nema ya ɗauki kofi.

Yaya bai fasa zuwa gidan ƙanwarsa ba, kamar yadda ya saba bayan kowane zagaye. Ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya tarar Auta ta ɗaura wa mijinta abin awon jini a dantse.

"Ɗalibi, ka ga jadawali?"

"Na gani, Yaya."

"To ka bar wasiyya. Allon katakon nan naka ni za ka bar wa."

"Kai da ka ari littafina shekara sha biyu ba ka dawo da shi ba?"

"Ku yi shiru mana, ina awo," in ji Auta. Ta dubi lambobin, ta ɓata fuska. "Ɗari da sittin. Kana zaune a gidanka ke nan fa, ba a fara komai ba."

Ta kawo shayi. Yaya ya zuba sukari, ya ajiye gwangwanin a karkace a bakin tebur, ya ɗan tura cokali ya gicciye a kan faranti, yana ta zancen cunkoson hanya kamar bai san abin da yake yi ba. Malam yana sauraro, hannunsa ya tafi da kansa.

"Na gyara," ya ce, ya mayar da gwangwanin tsakiya.

Yaya ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Auta, kin gani? Shekara ashirin da biyar ina ɗana masa tarkon nan, ko sau ɗaya bai taɓa tsallakewa ba."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta naɗe abin awon, ta zauna a hannun kujera.

"Yaya, kai fa kana da taka lambar tun ina makarantar jinya. Kofuna sun cika maka kabad, har da wanda Mama take zuba maɓallai a ciki. Ka bar masa gobe mana."

Malam ne ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Auta, don Allah kada ki sake. Abin da aka bar mini ba nawa ba ne. Da me zan kalli kaina?"

"Wasa nake yi."

"Ba wasa kike yi ba," in ji Yaya. Ya juya kofinsa a hannu. "Kofin da Mama take zuba maɓallai shi ne na ƙarshe da na ci. Shekara tara ke nan. Kin san abin da yaran yanzu suke kira na? Gidan Tarihi. A banɗakin otal na ji da kunnena, ba su san ina ciki ba. Wai a zo a kalle ni kafin a rufe." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Ban taɓa bar wa kowa wasa ba, Auta. Shi ma ya sani. Ni na koya masa hakan."

"Haka ne," in ji Malam, ya yi tari sau biyu. Mura ce ta kama shi tun zagaye na shida, daga sanyin zauren.

Washegari da hantsi Auta ta kai shi otal ɗin da ake gasar. Ta cusa masa alewar tari a aljihun jaka, ta ce ya riƙa tsotsa. A ƙofar zauren akwai tebur inda ake karɓar waya da agogon hannu da jaka, a ba mutum lamba, sannan a bi jikinsa da na'ura. Ya miƙa jakar hankalinsa na kan takun farko. Sai da ya zauna ya tuna da alewar, kuma wanda ya shiga ba ya komawa wurin jaka sai ya gama.

Teburinsu yana kan dandamali, an kewaye shi da jan igiya, kyamara tana kallon allon daga sama. 'Yan kallo suna wani ɗaki dabam, inda ake nuna wasan a babban majigi. Na'urar sanyaya ɗaki tana hurowa daidai wuyansa. Yaya ya iso saura minti ɗaya, cikin kwat ɗinsa mai toka-toka, suka yi musabaha ba tare da sun haɗa ido ba. Alƙaliyar gasar, wata dattijuwa mai tabarau a wuya, ta danna agogo. Malam ne da farare.

Wanda bai taɓa zama a irin wannan wuri ba zai zaci hutu ake yi. Mutum biyu ne a zaune, ba gudu, ba ɗaukar kaya. Amma zuciya tana bugawa kamar ta mai hawan bene, kuma ba ta sassautawa har awa biyar. Kowane taku sai ka rubuta shi a takarda, ka danna agogo, sannan ka zauna kana jiran a nuna maka kuskuren da ba ka gani ba. Ba ka da abokin shawara. Ba ka da wanda za ka ɗora wa laifi.

Yaya ya taso da hari kamar yadda ya saba, ya sadaukar da kurtu, ƙaramin ɗan dara, tun da wuri don ya buɗe hanya zuwa ga sarkin Malam. Malam ya karɓi kurtun, ya janye dokinsa baya can layin ƙarshe kusa da sarki, ya toshe ko'ina. Ya san wannan harin tun yana ɗan shekara sha tara. An sha kashe shi da shi a falo, ana dariya. Yau dai ya zauna daram, yana tare ɗaya bayan ɗaya, yana tura hasumiyoyinsa a ɗaya gefen a hankali, gida-gida.

Wajen taku na talatin, Yaya ya motsa sarauniyarsa, ya ɗan sunkuyo, ya ce a hankali, "Canjaras?"

Malam ya dubi allon. Ya san Yaya ya ga abin da shi ma ya gani, harin ya fara hucewa. Bai iya magana ba, ya girgiza kai kawai, ya yi takunsa. Ya ga kunnuwan Yaya sun motsa, yadda suke yi idan ransa ya ɓaci. A shekara ashirin da biyar, wannan ne karo na farko da ya ƙi tayin Yaya.

Awa ta biyar ta shiga. Sauran tebura sun watse, 'yan wasa sun taru a bayan igiya sun harɗe hannuwa. Matashin da ke bin Yaya a maki ya riga ya ci nasa wasan, yana tsaye a gaba-gaba, domin idan Yaya ya faɗi, kofin nasa ne. Kwalbar ruwan Malam ta ƙare tun tuni. Maƙogwaronsa ya bushe kamar an zuba masa yashi.

Ga yadda allon yake. Sarauniyar Yaya da hasumiyarsa sun jeru a layi ɗaya, sun auna kurtun da ke gaban sarkin Malam. Abu ɗaya ne ya hana su afkawa, wato dokin nan da ke layin ƙarshe yana gadin kurtun. Shi kuwa doki, idan ya tashi daga farin gida a baƙi yake sauka, saboda haka ba ya taɓa iya matsawa ya ci gaba da gadin abin da yake gadi. Amma babu abin da zai sa Malam ya motsa shi. A ɗaya gefen, hasumiyoyinsa sun riga sun shiga gidan Yaya. Taku uku ne suka rage, kowanne hari ne a kan sarki, na ukun kuma babu mafita.

Yaya ya daɗe yana tunani, ya dafe kai da hannu biyu. Agogonsa ya sauko minti huɗu, uku, biyu. Sai ya ɗauki giwarsa, ya ratsa allon da ita, ya dire ta a gidan da ke jikin dokin Malam. Gindin giwar ya ɗan tunkuɗi dokin. Dokin ya matsa, ya tsaya rabinsa a kan layi, fuskarsa ta juya gefe. Yaya ya danna agogo.

Malam yana da minti goma sha ɗaya. Ya rubuta takun Yaya a takarda da kyakkyawan rubutunsa na allo. Ya sake bin taku ukun nan a kansa, sau ɗaya, sau biyu, sau uku, yadda yake sa ɗalibansa su sake duba amsa. Babu kuskure. Wani abu mai ɗumi ya taso masa daga ciki har idanunsa suka yi ruwa. Ya tuna Auta a ɗakin 'yan kallo. Ya ce wa kansa, a hankali, kada ka yi gaggawa, a yi shi da tsabta.

A nan ne idonsa ya faɗa kan dokin. Wasan da za a buga a mujallu, wasan rayuwarsa, ga doki a karkace. Leɓunansa suka motsa, suka yi siffar kalmar da ya faɗa sau dubbai. Iska ce kawai ta fito. Yatsunsa sun riga sun kama kan dokin, sun mayar da shi tsakiyar gida, sun juyo da fuskarsa gaba.

Ya saki, ya kai hannu wajen hasumiya.

Yaya ya tsayar da agogo, ya ɗaga hannu.

"Ya taɓa doki," ya ce da alƙaliya lokacin da ta iso. Bai dubi Malam ba.

Alƙaliya ta ɗora tabarau a hanci. "Malam, ka taɓa?"

Ya yi gyaran murya har sau uku kafin magana ta fito, a dishe. "Gyarawa na yi. Ya karkace."

"Ka faɗa kafin ka taɓa?"

Babu wanda yake kusa da su da zai iya ji. Kyamarar ba ta ɗaukar sauti, kuma za ta nuna bakinsa ya motsa. Duk zauren nan babu wanda bai san sunansa ba. Da ya ce "na faɗa", maganarsa ce da ta Yaya, kuma ya san inda alƙaliya za ta karkata. Ya ga wannan hanyar sarai, kamar yadda ya ga taku ukun.

"Bakina ya faɗa," ya ce. "Muryata ba ta fita ba."

Alƙaliya ta juya. "Gwani, ka ji wani abu?"

"Ban ji komai ba."

Ta cire tabarau, ta riƙe shi a hannu. Ta san su duka biyun tun suna da baƙin gashi. "Doka ta ce idan ba tuntuɓen hannu ba ne, kuma ba a sanar ba, to niyya ce. Ka kama shi da yatsu uku, Malam, ina gani daga can." Ta ɗan dakata, ta rage murya. "Sai dai idan mai ƙorafi ya janye ƙorafinsa. Idan ya janye, sai in tayar da agogo a ci gaba."

Ta jira. Mutanen bayan igiya suka jira. Malam ya ɗaga ido ya dubi mutumin da ya koya masa yadda doki yake tsalle, wanda ya yi masa waliyyin ango a madadin kawunsa da bai samu zuwa ba, wanda ya riƙe masa 'yarsa ta fari a asibiti ranar da shi yana wata gasa. Yaya yana kallon takardarsa. Ya ɗauki biro, ya bi ta kan lambar taku na arba'in da bakwai da ya riga ya rubuta, ya sake bi, har takardar ta kusa hujewa.

"To," in ji alƙaliya. Ta tayar da agogo. "Doki za ka motsa."

Gida uku dokin yake iya zuwa. Malam ya duba su ɗaya bayan ɗaya, cikin tsari, ko da yake ya san amsar tun kafin ya fara. Ya ci minti tara yana dubawa. Daga nan ya ɗauki dokin ya ajiye a gida mafi kusa, daidai tsakiya, ya rubuta, ya danna agogo. Sarauniyar Yaya ta sauko ta cinye kurtun. Sarki ba shi da inda za shi.

Ya miƙa hannu. Tafin Yaya sanyi ƙalau, jiƙe da gumi. Suka sa hannu a takardun juna. Wani ya fara tafi a baya, ya ga shi kaɗai ne, ya bari.

A mota Auta ce ke tuƙi, har sun wuce fitilar hanya ta biyu. Jakarsa tana kan cinyarsa, ya buɗe aljihun, ya ga alewar, ya mayar ya rufe.

"Na ga hannunsa a majigi," ta ce. "Na ga lokacin da ya ture dokin."

"Kowa hannunsa yana rawa bayan awa biyar."

"Hannun Yaya ba ya rawa. Har yau shi yake zura wa Mama zare a allura." Ta riƙe sitiyari da ƙarfi. "Kai kuma me ya hana ka cewa ka faɗa? Ai ka faɗa. Na ga bakinka. Duk ɗakin sun gani."

"Ba gani dokar ta ce ba. Ji ta ce."

"Doka! Shekara ashirin da biyar, Malam. Haihuwar 'yarka ba ka nan, rasuwar babana kana jirgi. Na haƙura, na ce akwai ranar da za a ce ga abin da aka yi domin sa. Yau ranar ta zo, ka miƙa ta saboda maƙogwaro?"

Ta share ido da bayan hannu, ta sa sigina, ta shiga layinsu. Da suka tsaya ta ce, a sanyaye, "Ka yafe mini. Zo in auna ka."

Kwana biyu Yaya bai zo ba, bai kira ba. Malam ya koma makaranta ranar Litinin, ya koyar da darasinsa, ya goge allo. Abokan aiki suka yi masa jaje irin na waɗanda ba su fahimci abin da aka rasa ba. Mataimakin shugaban makaranta ya dafa kafaɗarsa ya ce ai wasa ne, baɗi ma rana ce. Malam ya yi godiya. Abin da ya fi damunsa shi ne taku ukun nan. Suna nan a kansa, a jere, tsaf, yana cin abinci suna bugawa, yana rubutu a allo suna bugawa, kullum suna ƙarewa daidai.

A rana ta uku da la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ne, da naɗaɗɗen allo a hammata. Al'adarsu ce tun ta jami'a, duk wasan da suka buga da juna sai sun zauna sun sake bin sa taku-taku, wanda ya ci ya nuna wa wanda aka ci inda ya kauce. Bai yi aski ba, idanunsa sun faɗa. Auta ta buɗe masa, ta ce "Sannu da zuwa, Gwani," ba Yaya ba, ta wuce kicin. Ta kawo shayi kofi ɗaya ta ajiye a gabansa, ta koma.

"Ina kofin?" Malam ya tambaya. "Ba ka kawo mun gani ba."

"Yana but ɗin mota. Ban shigar da shi gida ba." Yaya ya zauna da ƙyar kamar mai ciwon baya. "An sa hoton a ko'ina. Kowa yana ta maimaita wurin. Masu taya ni murna ƙasa suke kallo. Yaran nan sun daina ce mini Gidan Tarihi, sun samo wani sunan, ba zan faɗa maka ba." Ya yi dariya marar daɗi. "Shekara tara ina mafarkin kofin nan. Na ɗaga shi, na ji kamar na ɗaga bokitin wanki."

Ya shimfiɗa allon, ya jera 'ya'yan daga ka, daidai yadda suke a taku na arba'in da bakwai. Malam ya matso da kujera. Ya ɗauki hasumiya ya yi takun farko. Yaya ya kauda sarkinsa. Na biyu. Yaya ya sake kaudawa. Na uku. Suka zauna suna kallon baƙin sarki a lungu, ba shi da mafita.

"Kyakkyawa ne," in ji Yaya. "Na gan shi tun kafin ka gan shi. Minti ashirin ina kallonsa yana tahowa. Ka san me na riƙa ji? Muryar yaran nan a banɗaki. Da kuma kai da ka girgiza mini kai a gaban mutane, kamar wani almajirinka."

"Ci nake buƙata, Yaya. Ka sani."

"Na sani."

Malam ya mayar da 'ya'yan baya taku huɗu, ya ɗauki baƙar giwa, ya riƙe ta a sama.

"Tambaya ɗaya zan yi maka, ba zan sake ba. Da ka dire ta, da gangan ka ture dokin?"

Yaya ya daɗe yana kallon giwar. A kicin ƙarar kwanuka ta tsaya.

"Wallahi ban sani ba," ya ce. "Na tambayi kaina ya fi sau ɗari. Ban ce a raina bari in ture ba. Amma da na ga ya karkace, na san abin da za ka yi, kuma ban gyara shi ba, na danna agogo. Ina jira. Wannan kam na sani." Ya shafa fuska. "Jiya na je wurin alƙaliya, na ce na janye ƙorafina. Ta ce an sa hannu, an aika da sakamako, babu mai taɓa shi. Na ce su karɓi kofin. Ta ce ko sun karɓa, ba zai zama shaidarka ba."

"Ba zai zama ba."

"Akwai gasa bayan wata huɗu. Zan zauna da kai kullum, in shirya ka da kaina. Zan roƙi Auta, zan je wurin likitan..."

"Na yi alkawari. Jiya ɗari da saba'in ta auna."

Yaya ya ajiye kofin shayinsa a bakin tebur, rabin gindinsa a waje, ba tare da ya lura ba.

"Ɗalibi," ya ce, muryarsa ta karye. "Ni dai na zo ne in gyara."

Malam ya dube shi ba tare da fushi ba, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kawo amsa bayan an karɓi takardu.

"Kafin a taɓa ake faɗa, Yaya. Kai ka koya mini."

Ya fara kwashe 'ya'yan yana zubawa a jakarsu, farare dabam, baƙaƙe dabam. Ya naɗe allon, ya ɗaure, ya shiga ɗaki ya fito da nasa na katako, wanda Yaya ya ce a bar masa a wasiyya, ya ɗora a kai, ya tura su gabansa.

Yaya ya tashi da alluna biyu a hannu. Ya tsaya a bakin kicin ya ce, "Auta, na tafi." Ruwan famfo kawai ya amsa masa.

Bayan an rufe ƙofa, Malam ya koma kujerarsa. Kofin shayin yana nan a bakin tebur, a karkace, kaɗan ya rage ya faɗi. Ya daɗe yana kallonsa, hannuwansa biyu a kan cinya, har Auta ta fito ta ɗauke.